Wuta Ba Ƙyastu: Tarihin Injin Gas da Lissafin Ƙunarsa, daga Jamus zuwa Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



GABATARWA

Duk matafiyin da ya tashi daga Funtuwa ya kama hanyar Gusau, ko ya ratse a Sheme ya nufi Ƙanƙara, ko kuwa ya bi ta Ɗandume ya sauka Sabuwa, akwai wata ƙara da ba za ta rabu da kunnensa ba tun hudowar rana har faɗuwarta, watau ƙarar injin gas. Ita ce ke tashi daga rumfar mai niƙa a bakin kasuwa, ita ce ke bin tarakta lokacin huɗa, ita ce kuma a cikin manyan motocin da ke kwashe masara da dawa da auduga. Mun saba da ita har mun daina jin ta, kamar yadda maƙwabcin maƙeri kan daina jin bugun masaba.

Waɗannan ƙananan hukumomi uku, waɗanda suka haɗu a mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai, suna cikin yankin da ake wa kallon rumbun Jihar Katsina, kuma da wuya hatsin da ya fito daga gonakinsu ya zama tuwo a kwanon wani bai bi ta hannun wannan inji ba. Man da yake sha, mu a nan Arewa gas muke ce masa, wasu kuma su ce dizal, daga sunan Bajamushen da ya ƙago injin. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin ilmin wutar da ke ci a cikinsa: yadda ya faro, yadda ya bi ta hannun maƙera da kanikawa, da yadda daga bisani ya shiga kwamfuta. Sa'an nan sai mu auna mu ga mene ne rabonmu a cikin wannan ilmi, bayan shekara kusan 70 muna sayen injin muna zuba masa mai.

YADDA WUTAR TAKE KAMAWA

Kafin zuwan ashana, da ƙyastu kakanninmu suke samun wuta: a buga ƙarfe a jikin ƙanƙara, tartsatsi ya faɗa kan audugar rimi, ta kama. Injin fetur a kan wannan dabara yake tafiya, domin fulogi ba kome ba ne face ƙyastu na lantarki. Injin gas kuwa ba shi da fulogi mai tartsatsi ko kaɗan. Wanda ya taɓa yi wa keke iska ya san cewa bakin famfo yakan ɗauki zafi, saboda iska idan aka matse ta zafi take yi. To, fistin ɗin injin gas yakan shaƙi iska zalla, ya matse ta a cikin silinda har ta koma kashi 1 cikin 15 zuwa 20 na girmanta na farko, zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. A daidai wannan lokaci sai nozul ya feso gas kamar hazo, gas ɗin ya kama da kansa, ƙarfin wutar ya tunkuɗa fistin ƙasa, daga nan hayaƙi ya fita, a sake sabon lale.

A faɗe abin yana da sauƙi, amma wahalarsa tana cikin ƙurewar lokaci. Injin babbar mota mai juyi 1,800 a minti yana juyi 30 ke nan a sakan ɗaya, kowace silinda kuma tana kama wuta sau 15. Ƙunar duka takan ƙare cikin kimanin kashi 5 ko 6 cikin 1,000 na sakan. A cikin wannan ɗan taƙi dole gas ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo, ya zama tururi, ya gauraya da iska, sa'an nan ya ci. Tsakanin feshi da kamawa akwai wani ɗan jinkiri, wanda idan ya yi tsawo sai mai ya taru ya kama gaba ɗaya, a ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana dukansa da guduma.

Har wa yau, kowane kilo 1 na gas yana bukatar iska akalla kilo 14 da rabi kafin ya ƙone sarai. Inda mai ya yi yawa iska ta gaza, sai ya bar kunkunniya, watau baƙin hayaƙin nan da muke gani. Inda kuma iska ta wadata wuta ta yi tsananin zafi, sai naitirojin da oksijin na cikin iskar su haɗu su haifi wata guba marar launi mai cutar huhu. In an rage zafi domin gudun gubar, kunkunniya ta ƙaru. In an ƙara zafi domin ƙone kunkunniya, guba ta ƙaru. Gaba kura ke nan, baya sayaki. Wannan tsaka mai wuya ita ce ta wahalar da masu ƙirar inji shekara da shekaru, kuma ita ce ta kai su ga neman taimakon kwamfuta.

ASALIN INJIN

A shekarar 1824 wani injiniya Bafaranshe, Sadi Carnot, ya wallafa ɗan littafi inda ya nuna da hujja cewa akwai iyaka ga aikin da za a iya tatsa daga zafi, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin wutar inji da sanyin wurin da yake zubar da saura, gwargwadon ribarsa. Rudolf Diesel, wanda aka haifa a birnin Faris a 1858, iyayensa Jamusawa, ya gamu da wannan ilmi yana ɗalibi a Munich. Abin da ya dame shi shi ne injin tururi na zamaninsa yana ɓarnatar da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin kwal ɗin da yake ci. Ya sami takardar mallakar ƙirarsa a 1893, amma sai da ya shekara 4 yana gwaji a wata masana'anta a Augsburg, yana sauka daga wasu ra'ayoyin da ya rubuta, kafin a 1897 ya fito da injin da ya mai da kashi 26 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki. A lura da wannan da kyau: tun ranar haihuwarsa, lissafi ne ya riga ƙarfe, gwaji kuma ya gyara lissafi.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ya shafe mu kai tsaye. A babban baje kolin duniya na Faris a 1900, an tayar da wani ƙaramin injin Diesel da man gyaɗa tsantsa, bisa bukatar gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen da ta mallaka a Afirka su riƙa noma man injinansu. Shekara 11 bayan haka jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Gyaɗarmu ta tafi Turai aka yi man girki da sabulu da ita, injin kuwa da ya zo mana, da man da ake haƙowa daga ƙasa ya zo. Shi Diesel bai ga ƙarshen al'amarin ba, domin a watan Satumba na 1913 ya ɓace daga jirgin ruwa a kan hanyarsa ta zuwa Ingila.

Waɗanda suka biyo bayansa su ne suka mai da injin ƙarami mai sauri. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon feshin gas da yawa domin sayarwa, abin da ya ba injin damar shiga motoci. A Ingila, Harry Ricardo ya ƙago wani ɗan ɗaki a kan silinda wanda ke sa iska ta yi juyi kamar guguwa domin ta haɗu da mai da wuri. Wajen 1930 kuma kamfanin Lister na garin Dursley ya fito da injinsa mai silinda ɗaya da manyan ƙafafu biyu na ƙarfe, mai ƙarfin doki 6 a juyi 650, wanda ya zama uban injinan niƙa a ƙauyukan Afirka da Indiya.

SHIGOWARSA KUDANCIN KATSINA

Auduga ce ta share wa inji hanya zuwa wannan yanki. A shekarun 1920 Turawa suka kafa gonar kyautata irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari, kamfanin BCGA ya kafa gidan gurzar auduga a Funtuwa, layin dogo kuma ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Sai dai jiragen wancan zamani na tururi ne, masu cin kwal ɗin Inugu, kuma jakuna da takarkarai ne ke kai kaya kasuwa. Daga 1955 ne jirage masu shan gas suka fara karɓar aiki a hannun masu kwal, manyan motocin gas su ma sannu a hankali suka ture na fetur a harkar dakon kaya.

Babban juyi ya zo ne da Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka gudanar daga 1975 zuwa 1980 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya haɗa gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, a lokacin duk suna cikin Jihar Kaduna, tun da sai a 1987 aka yanki Jihar Katsina. An yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, an buɗe cibiyoyin sayar da takin zamani da iri, an kuma kawo taraktoci na haya. Da taki mai rahusa da sabon iri, masara ta tashi daga abin gasawa a bayan gida ta zama babban amfanin gona. Masara kuwa tana da taurin da ke gajiyar da turmi da dutsen niƙa, saboda haka injin niƙa ya sami shiga kusan kowane gari.

A nan, a matsayina na mai nazarin Hausa, ba zan wuce ban faɗi abin da wannan ya yi wa adabinmu ba. Waƙoƙin niƙa da na daka, waɗanda mata ke rerawa da asuba suna zuba habaici da bege da koke, a jikin aikin suke rayuwa. Da inji ya ɗauke aikin, sai waƙoƙin suka fara ja da baya. Babu mai hankalin da zai so a mai da iyayenmu mata kan dutse da duku-duku, domin injin ya 'yanta musu sa'o'i masu yawa a kowace rana, amma ya kamata tarihi ya rubuta ribar da hasarar duka biyu.

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, da kuɗin man fetur, Nijeriya ta kafa kamfanonin haɗa manyan motoci da taraktoci: Steyr a Bauchi, da NTM mai haɗa ƙirar Fiat a Kano, da ANAMMCO mai haɗa Mercedes a Inugu. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980. Amma duk waɗannan kamfanoni harhaɗawa suke yi. Zanen injin da lissafin ƙunarsa a Turai suka zauna. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, taraktocin gwamnati da yawa suka kwanta a harabar ma'aikatu ciyawa ta rufe su. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A 1987 Lister ma ya daina ƙera tsohon injin nan nasa, sai kwaikwayonsa da ake yi a garin Rajkot na Indiya, daga baya kuma injinan ƙasar Sin, suka cike gurbin.

Waɗanda suka riƙe ƙasa a wannan hali su ne kanikawa. Bakanike ba shi da ma'aunin matsi, amma yana da kunne da ido. In ya ga baƙin hayaƙi ya san mai ya fi iska yawa, ko matatar iska ta toshe, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi. In ya ga fari ya san gas yana fita bai ƙone ba, ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba. In ya ga shuɗi-shuɗi ya san baƙin mai ya ƙetare zoben fistin yana ƙonewa. Wannan ilmi ne na gaske, kuma da irinsa Turawa ma suka fara. Iyakarsa ita ce yana mai da inji yadda aka ƙera shi, amma ba ya iya cewa da an sake ƙirar kaza da ya fi dacewa da mu.

DAGA KUNNE ZUWA KWAMFUTA

Yayin da muke fama da gyara, a wasu ƙasashe ana ta ƙoƙarin mai da wutar nan lissafi. A 1946 wani masani na Tarayyar Sobiyet, Yakov Zeldovich, ya bayyana matakan da naitirojin ke bi ya zama guba a cikin wuta mai tsananin zafi. Wani ɗan ƙasar tasu, Ivan Wiebe, ya tsara wata ƙa'idar lissafi mai nuna yawan man da ya ƙone a kowane mataki na juyin inji, wadda har yau ake amfani da ita. Abubuwa biyu ne suka ƙara wa aikin sauri: dokar tsabtace iska da Amurka ta yi a 1970, da tashin farashin mai na 1973. Turai ita ma ta ƙayyade hayaƙin manyan motoci da sabuwar doka a 1992, tana ƙara tsanantawa bayan kowane 'yan shekaru. Ƙera sabon inji domin gwada kowace dabara abu ne mai cin watanni da kuɗi masu yawa, saboda haka aka nemi hanyar gwadawa tun ba a zuba ƙarfe ba.

A Jami'ar Hiroshima ta Japan, Hiroyuki Hiroyasu da abokan aikinsa suka raba feshin mai gida-gida a lissafi, suna bin kowane gida daga fitowarsa har ƙonewarsa. A 1985 kuma cibiyar binciken Los Alamos ta Amurka, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko, ta fito da wani tsarin kwamfuta mai suna KIVA. Yadda yake aiki shi ne a zana cikin silinda a kwamfuta, a yayyanka shi zuwa ƙananan ɗakuna dubbai kamar saƙar zuma. A kowane ɗaki kwamfuta tana riƙe da zafi da matsi da gudun iska da yawan mai. Sai ta matsa lokaci gaba da ɗan taƙi ƙanƙani, ta lissafa abin da ya fita daga kowane ɗaki ya shiga na maƙwabcinsa, bisa dokar cewa nauyi da ƙarfi ba sa ɓacewa, sai dai su sake wuri ko kama. Ta haka, taƙi bayan taƙi, har ta gama juyi guda, ta faɗi ƙarfin da injin zai bayar, da man da zai sha, da kunkunniya da gubar da zai fitar. Wannan shi muke nufi da kwaikwayon ƙuna a kwamfuta.

Lissafi kuwa yana bukatar shaida. A 1997 John Dec na cibiyar Sandia ya bayyana abin da ya gani cikin wani inji mai tagar gilashi wanda ya haska da hasken leza: kunkunniya tana taruwa ne a tsakiyar feshin inda iska ta yi ƙaranci, harshen wuta ya kewaye ta kamar kube, gubar naitirojin kuma tana haihuwa a bayan wannan kube inda iska ta wadata. Gani ya kori ji, masu lissafi suka koma suka gyara ƙa'idojinsu.

NEMAN SAITI MAFI DACEWA

Daga 1995 a Japan, da 1997 a Turai, an fara sayar da motoci masu sabon tsarin feshi, inda famfo ke tara gas a bututu ɗaya da matsi mai tsanani, wata ƙaramar kwamfuta kuma tana buɗe kowane nozul. A injinan baya-bayan nan matsin yakan kai ninki 2,000 na nauyin iskar da ke kanmu, kuma ana iya raba feshi kashi-kashi a bugu ɗaya. Sai abubuwan saitawa suka yi yawa: lokacin feshi, ƙarfinsa, yawan hudojin nozul, siffar kwarmin da ke kan fistin, ƙarfin juyin iska, da yawan hayaƙin da za a mayar cikin silinda domin sanyaya wuta. Idan waɗannan abubuwa 6 kowanne yana da matakai 10, haɗuwarsu ta kai 1,000,000. Babu masana'antar da za ta iya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar da Rolf Reitz da ɗalibansa na Jami'ar Wisconsin suka yi amfani da ita wajen shekarar 2000, manomin Daudawa ba zai yi mamakinta ba, domin zaɓen iri ce. Kwamfuta takan shuka, a ce, saiti iri-iri, ta kwaikwayi ƙunar kowanne, ta ware waɗanda suka fi kyau, ta gauraya halayensu ta fid da sabon zubi, ta yar da raunana, ta yi ta maimaitawa har a kai ga saitin da ya rage mai da hayaƙi tare. Da irin waɗannan hanyoyi injin babbar mota ya kai ga mai da kimanin kashi 45 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki, na manyan jiragen ruwa kuma ya haura 50.

Sai dai kwamfuta abin da aka tambaye ta take amsawa. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa tsarin da ke gane lokacin gwaji ya rage guba, in an hau titi kuma ya sake ta. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11, kuma masu bincike ƙalilan na Jami'ar West Virginia ne suka gano bakin zaren, ta hanyar auna hayaƙi a kan hanya. Darasin a fili yake: al'ummar da ba ta iya aunawa da kanta, abin da aka gaya mata shi za ta karɓa.

WA AKA YI WA LISSAFIN?

Yanzu mu komo gida. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin inji, an auna shi ne a iska mai zafin digiri 25 kusa da bakin teku. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna bisa tudu mai tsawon kimanin mita 600, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40. Tudu da zafi duka suna sa iska ta yi shara-shara, har abin da silinda ke shaƙa ya ragu da kimanin kashi 10 cikin 100. Idan famfo ya ci gaba da ba da mai kamar da, sauran sai ya fita baƙi ta salansa, watau kuɗin mai inji ne ke tashi sama. Da hunturu kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga hamadar Chadi takan toshe matata, wadda ta kuɓuce kuma ta ci zoben fistin kamar magagari.

Haka kuma batun man kansa. Tun 2009 dokar Turai ba ta yarda farar wuta, watau salfa, ta wuce kashi 10 cikin miliyan a gas ba, alhali a 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta tona asirin irin man da ake turo wa Afirka ta Yamma, iyakar Nijeriya 3,000 ce. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince da 50, matatar Ɗangote kuma ta fara fid da gas a 2024. Ga kuma algus da kananzir, wanda ke rage santsin mai ya cinye famfo da nozul. Injin zamani da aka saita shi bisa tsabtataccen mai ya fi tsohon Lister saurin mutuwa da irin wannan.

Abin ya wuce aljihu ya taɓa lafiya. A 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu. Mu tuna su wa ke tsayuwa a rumfar niƙa, wadda galibi ba ta da taga, suna jiran layi: yara ne da aka aiko da ƙullin hatsi. Wajen kuɗi kuwa, a 2022 farashin gas ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin niƙa da huɗa da dako suka bi shi. Mu ƙaddara mai niƙa yana ƙona lita 5 a yini. In gyaran saiti ya rage masa kashi 10 cikin 100, ya tsira da lita 150 ke nan a kwanakin aiki 300. A tara wannan bisa yawan injinan da ke yankin, a ga abin da lissafi zai iya mayarwa aljihun talaka.

Sa'an nan tambayar 1900 tana nan ba a rufe ta ba. Man gyaɗa abinci ne, ya kuma fi ƙarfin a ƙona shi, amma akwai man angurya da na 'ya'yan bedi da na bini-da-zugu. Aibinsu shi ne sun fi gas kauri nesa ba kusa ba, ba sa tarwatsewa da kyau a feshi, suna barin gawayi a bakin nozul, sai an tace su an sarrafa. A Mali an tafiyar da injinan ƙauye irin na Lister da man bini-da-zugu. Nawa za a gauraya, yaushe za a fesa, wane nozul ya dace, duk tambayoyi ne da kwaikwayon kwamfuta zai rage wa tsada, kuma babu kamfanin Turai da zai yi mana su, tun da ba kasuwarsa ba ce.

KAMMALAWA

A zamanin Steyr da NTM muna da uzuri, domin kwamfutar da za ta yi wannan aiki sai manyan cibiyoyi. Wannan uzuri ya faɗi. Tun 2004 tsarin OpenFOAM yake kyauta ga kowa, kwamfutar da ke cikin jakar ɗalibi kuma tana iya kwaikwayon injin niƙa mai silinda ɗaya. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Abin da ya rage shi ne Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma, da Kwalejin Hassan Usman, su tanadi ɗakin gwaji inda za a ɗaura injinan da mutanenmu ke amfani da su, a auna su da manmu a cikin iskarmu, a kuma zaunar da bakanike kusa da ɗalibi, wannan da kunnensa wancan da lissafinsa.

Ku ma'aikatan gwamnati, in fayil ɗin sayen tarakta ko janareta ya iso teburinku, ku tambaya da wane mai da wane yanayi aka gwada shi, wa zai gyara shi, ina kuma kayan gyaransa. Mu kuma malaman Hausa aikinmu ne mu tattara kalmomin gareji, irin su fistin da bawul da lagireto, mu haɗa su da kunkunniya da farar wuta da muka gada, mu rubuta littattafan da bakanike zai karanta ya gane. Lantarkin hasken rana ya fara karɓar aikin ban ruwa, wannan abin farin ciki ne, amma tarakta da babbar mota za su daɗe suna shan gas.

Dukkan wannan yana bukatar zaman lafiya. A 2021, saboda 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta taƙaita sayar da mai, aka kuma yanke wayar salula na wani lokaci a ƙananan hukumomin nan uku da maƙwabtansu. Kafin nan, a watan Disamba na 2020, ɗalibai fiye da 300 aka sace a Ƙanƙara, kuma makarantar da aka kwashe su ta kimiyya ce. Daga irin waɗannan azuzuwa ne masu lissafin da muke nema za su fito, saboda haka tsare su yana cikin aikin da muke magana a kai.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ilmi mai amfani.